Bodin Mota, Sana'ar da Na Gada Wurin Baba

Na buɗi ido na tarar da mahaifina yana ƙera bodin manyan motoci a wani fili kusa da Ƙofar Ruwa a Kano. Ba rumfa, ba allon suna, sai inuwar darbejiya da akwatin kayan aiki. Zamanin Bedford ne da roka, wato Marsandi 911, ga kuma Fiat da ake harhaɗawa nan Kano. Mota takan zo mana tsirara: kai, inji, tayoyi da shasi, wato dogayen ƙarafan ƙasa da ke ɗauke da motar. Abin da ya rage duk namu ne, tun daga daɓen da za a ɗora kaya har zanen dawisu da mai fenti zai yi a ƙofar baya.

Baba ba ya taɓa ɗaukar awo sai ya tambayi mai mota abu ɗaya: "Alhaji, me za ta ci?" Yana nufin wane kaya za ta riƙa ɗauka. Har yau da wannan tambaya nake fara ciniki, don bodi ba ɗaya ba ne. Motar da za ta yi lodin shanu a Potiskum ko Maigatari ta nufi Legas tana son gefe mai tsayi da tazara tsakanin falankai don iska ta ratsa, kuma daɓenta na katako mai kauri ne da za a zuba wa yashi, saboda fitsarin dabba yana cin ƙarfe, kofato kuma yana zamewa a kan farantin ƙarfe. Ta tumatir da ke tashi daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas tana son wurin gitta katakai hawa-hawa, kada kwandon sama ya danne na ƙasa. Ta hatsin Dawanau kuwa ƙarfin ƙasa take nema da wurin ɗaure tamfol da kyau, don digon ruwa ɗaya kan buhun masara asara ce.

Akwai kuma abin da yaro ke shan faɗa a kansa tun makonsa na farko a wurinmu: ba a kai wutar walda kan leɓen shasi, ba a huda shi. Zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana a tsakiyar hanya ya tsage daidai wurin. Sai dai a shimfiɗa katako a kansa, a ɗora bodi, a ɗaure da ƙarafan ɗauri da noti, yadda idan mota ta faɗa rami za ta murɗa ta dawo ba tare da wani abu ya karye ba.

Duk wannan ilimi Baba yana da shi, ya ma fi ni. Amma shekara da shekaru wurin bai ƙaru da ko kwano ɗaya ba. Na daɗe ban gane dalili ba, sai da abin ya faɗo kaina.

Bayan ƙafa ta fara damunsa, ni da yayana muka karɓi ragama. Wani ɗan kasuwar hatsi ya kawo mota, ya ajiye kafin alƙalami mai kauri. A makon aka yi haihuwa a gida, ga kuɗin makaranta, ga wani ɗan'uwa a asibiti. Yadda muka saba, hannu ya shiga aljihu. Da muka je sayen ƙarfe bayan wata guda, kuɗin ya ragu, farashi ya hau. Motar mutum ta kwana wata uku a filinmu, kaka ta wuce shi bai yi lodi ko sau ɗaya ba. Ranar da ya zo ɗauka bai yi zagi ba. Cewa kawai ya yi da Baba, "Malam, don girmanka na kawo." Baba ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma har yanzu in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Da dare na same shi na ce, "Baba, ina neman izini a raba aljihun gida da na gareji." Ya yi shiru, can ya ce, "To iyalin naka da na yayanka, ƙarfe za su ci?" Na ce a yanka wa kowa albashi, har shi, a ƙarshen wata. Wannan magana ta fi kowane aikin walda wuya. Yaya ya yi fushi na kusan wata biyu, yana ganin ƙaninsa ya mai da shi ɗan ƙwadago a wurin ubansa. Inna ce ta sasanta mu, Allah ya saka mata da alheri.

Daga nan muka kafa ƙa'ida: ranar da kafin alƙalami ya shigo, ranar ake sayen ƙarfe da katakon wannan mota, a rubuta lambarta a jiki da alli, a jingine. Kowace mota tana da shafinta a littafi, da awonta, da abin da ta ci, da kwanakin da aka yi a kanta. A cikin littafin nan na gano muna faɗuwa a bodin shanu, aikin da muke alfahari da shi, don ba ma lissafa man janareto da wayar walda. Muka gyara farashi. Wasu suka gudu, yawancinsu suka dawo.

Da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, gari ya cika da A Daidaita Sahu. Manyan ma'aikata irinmu suna raina aikin, mu muka karɓa: gyaran rumfa, ƙara ƙarfi a ƙasa, da ƙera akwatin baya na masu kai ruwan leda da burodi. Riba kaɗan ce, amma kullum tana shigowa, ita ta riƙa biyan yara a watannin da babbar mota ba ta zo ba. Da ita muka kafa rumfar farko, muka sayi injin lanƙwasa faranti, muka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC muka buɗe asusun banki. Takardar nan ce ta sa masu asibitoci da makarantu suka fara kawo mana bas muna mayar da ita motar ɗaukar marasa lafiya ko ta 'yan makaranta, don su ba sa ba da aiki ga wanda ba shi da rasit.

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, farashin ƙarfe ya koma sauyawa tsakanin safe da yamma. Na ga ma'aikatan da suka fi mu hannu sun rufe, don sun karɓi kuɗin aiki a tsohon farashi sun jinkirta saye. Mu ma mun ji jiki, mun rage kunna janareto, mun koma haɗa aikin walda a lokacin da akwai wuta, amma ba motar da ta kwana don rashin kaya.

Abu ɗaya ne nake asarar ciniki a kansa, kuma ban yi nadama ba. Mai mota zai zo ya ce a ƙara mata tsawo ta baya, a ƙara tsayi, don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Idan nauyi ya yi yawa bayan tayoyin baya, gaba yakan yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana a hawan tudu, birki kuma ba a yi shi don wannan lodi ba. Sannan kowa ya san a saman kayan nan mutane ke zama, 'yan ci-rani da masu rakiyar dabba. Nakan ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba da hannuna ba." Wani ya tafi gaba a yi masa, wani ya zauna mu yi lissafi.

Yanzu rumfa uku gare mu. Yaya ke kula da walda da yaran koyo, ni ina kan awo da ciniki, 'yata ta fari ta mayar da littafin cikin kwamfuta. Baba yakan sa a kawo shi ranar Asabar, a ajiye masa kujera a bakin rumfa. Makon jiya wata tsohuwar roka ta shigo canjin daɓe, ya dafa sanda ya zagaya ta, ya shafa haɗin kusurwa ya ce aikinsa ne. Muka ɗaga falankan, muka tarar shasin ba tabon wuta ko ɗaya. Katakon da za a sa mata yana jingine da lambarta a jiki, jibi za mu fara.