Godiya bayan keɓe sabon ɗakin sujada

Dattawan ikkilisiya da kwamitin gini suna gaida ƴan'uwa na cikin Maraɗi da na ƙauyuka cikin sunan Yesu Almasihu. An keɓe majami'a lafiya, baƙi sun koma gida lafiya. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Godiyarmu ta fari ga iyayenmu ne da suka riga mu. Mishan na ƙungiyar bishara ta SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri, inda aka koyar da masu bishara na farko a wannan yanki. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kuma da shi tsofaffinmu da yawa suka koyi karatu. Asibitin Galmi a 1950, na kutare a Danja a 1956: ta waɗannan ƙofofi iyalai da dama suka fara jin bishara. Jikokinsu ne suka cika kujeru ranar Lahadi. Ikkilisiyar nan ma a rumfar zana ta soma, ta koma ɗakin laka, har ɗakin ya kasa ɗaukar jama'a, yara na zama a bakin taga.

Ba tsufa kaɗai ya kada tsohon ɗakin ba, kuma muna so ikkilisiyoyin ƙauye masu shirin gini su ji wannan da kyau. Babu indararo, sai ruwan kwano ya dinga zuba a gindin bango yana cin tushe. Gara ta bi laka ta hau katako. Katakon kuma ɗora shi kawai aka yi, ba a ɗaure ba, shi ya sa iskar farkon damina take ɗaga rufin.

Saboda haka muna gode wa magina da suka ƙi ha'inci. Ƙasarmu jigawa ce, sun haƙa tushe sai da suka tarar da ƙasa mai tauri. Buhun siminti mai kilo 50 ba su bari ya wuce bulo 35 ba. In aka ja shi ya kai 50, bulon yakan marmashe a hannu. Kankare kuwa buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa. An zagaye saman bango da kankare mai rodi, aka bar kan rodin a waje don ɗaure ƙarfen rufi. An ɗaga rufin sama, tagogi suna fuskantar juna, saboda zafin Afrilu.

Zumuntar Mata, Allah ya saka muku. Bulo yana son ruwa safe da yamma har kwana 7, ku kuka ɗauki wannan aiki, ga girkin ma'aikata. Matasa sun yi dakon yashi. Manoman da ba su da kuɗi a hannu sun kawo baikon gero da wake bayan kaka, aka sayar aka sayi rodi.

Mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi sun ba mu wurin jibge yashi, sun yi haƙuri da ƙura, wasu har sun zo taya mu murna. Mun gode ƙwarai. Haka fastoci da mawaƙan sauran ikkilisiyoyi da suka zo.

Saura yaɓen waje da ɗakin karatun yara na Lahadi. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita bayan sujadar mako mai zuwa, littafin kuma yana buɗe ga duk mai son dubawa.