Abin da dare ɗaya a gaɓar Bahar Maliya ya koya mini

A makon nan na bar makarantar koyon tuƙin jirgin sama bayan shekara 3, kuma da yake ƙannenmu Hausawan Jidda masu sha'awar wannan aiki suna yawan tambayata, na ga ya dace in rubuta abin da ya fi tsaya mini a rai.

Mun tashi bayan sallar isha'i a ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 172, ni da malamina, muna bin gaɓar Bahar Maliya ta arewacin Jidda. Babu farin wata. Teku baƙi ƙirin, hamada ma haka, fitilun jiragen masunta kuma sun gauraye da taurari har ido ya kasa raba sama da ƙasa. Laifina shi ne ban daidaita na'urar nuna alƙibla da kamfas ba, alhali an koya mana yin haka duk minti 15, domin tana zamewa sannu a hankali ba tare da wata alama ba. Karkatar digiri 1 takan kautar da jirgi mil 1 bayan tafiyar mil 60. Tamu ta kai digiri 10, don haka cikin mil 30 mun bar hanya da mil 5.

Da na ga fitilun gari ba su zo inda taswira ta nuna ba, na ce, "Kaftin, kamar mun kauce." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa. Sai na yi shiru, saboda an raine mu a kan cewa yaro ba ya musu da babba, kuma wannan shirun ya fi mantuwar kamfas ɗin muni. Ba a jima ba mai kula da zirga-zirgar jirage ya kira lambarmu, ya umarce mu mu juya nan take, domin mun shiga yankin da manyan jirage ke bi su sauka a filin Sarki Abdul'aziz ba tare da izini ba. Na hango fitilun wani yana gangarowa, ga lokacin Umara ne, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf a kan sitiyari.

A doka, malami ne ke da alhakin jirgi idan yana tare da ɗalibi. Duk da haka ya rubuta a rahoto cewa ban sanar da shi komai ba, aka dakatar da ni wata 2, shi kuwa ya ci gaba da tashi. Na yafe, amma ban manta ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ido yana buƙatar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya kuma yana ɓata wannan nan da nan. Daga nisan ƙafa 5,000 a sama, ganin dare yana raguwa saboda ƙarancin iskar shaƙa. Idan ka ɓata, ka gaya wa hasumiyar kula da jirage da bakinka kafin ita ta neme ka.

Tun daga ranar ban sake kauce hanya ba, amma rahoton yana nan a fayil ɗina da sa hannuna a ƙasansa, kuma duk kamfanin da na nemi aiki zai karanta shi kafin ya ga fuskata.