Abin da ba ya shiga wasiƙar ƙarshen wata

Duk ƙarshen wata nakan zauna in rubuta wa 'yan'uwa masu tallafa mana wasiƙar addu'a. Shafi ɗaya ce, da hotuna biyu ko uku, kowa a ciki yana murmushi. Ban taɓa yin ƙarya a cikinta ba, amma gaskiyar ma nakan tace ta. Yau dai dussar da ke saura a rariya nake so in zuba muku.

Shekara shida ke nan muna aikin bishara a gundumar Mangochi ta ƙasar Malawi, a kudancin tafkin Malawi. Da muka iso, na ɗauka zafi da zazzaɓin cizon sauro za su fi ba ni wahala. Sun yi nasu, ba shakka. A watan Oktoba ko gidan sauro ji kake kamar bargo, ɗanmu na biyu kuwa ya kwanta sau uku a damina guda, sannan ga tsargiya da ke cikin ruwan tafkin, wadda ta sa kullum ina faɗa da yara kan wanka. Amma duk wannan jiki ne, jiki kuma yakan saba.

Harshe ne ya durƙusar da ni. Mutum da furfura a gemu, wanda ya yi shekaru yana wa'azi, ya koma yana nuna abu da yatsa kamar ɗan yaye. Na yi shekara biyu ina fama da Chichewa, sai na tarar a ƙauyukan da nake shiga Chiyao ake yi a cikin gida, Chichewa ta kasuwa ce da makaranta. Wata rana wani dattijo ya tambaye ni "mtengo" na kekena, na tsaya ina waige-waigen bishiya, ban san kalmar ita ce kuma farashi ba. 'Yata mai shekara tara ce ta fitar da ni kunya. Har yanzu in na kammala wa'azi takan ja ni gefe ta ce, "Baba, ba haka ake faɗa ba."

Maganar kuɗi ba na son yawaita ta. A Nuwamba 2023 aka karya darajar kwacha, kuɗin ƙasar, da kashi 44 cikin 100, kaya suka tashi kafin mako ya zagayo, abin da ake turo mana kuma bai motsa ba. Na kwana a layin mai da babur. Sabunta takardar izinin zama ma wani aiki ne: in tafi Blantyre, in dawo, in sake komawa.

Jama'ar Yao, masu yin Chiyao, akasarinsu Musulmi ne, kuma a gaskiya ban ga maƙwabta irinsu ba. Lokacin da maiɗakina ta kwanta asibiti, matar limamin unguwarmu ce ta riƙe mana yara kwana biyar. Sun san abin da ya kawo ni, na san inda suka tsaya, muna gaisawa, muna zuwa jana'izar juna. Sai dai yaya zan sa wannan a wasiƙa? Masu karantawa lissafi suke jira: mutum nawa, baftisma nawa. Ban ga laifinsu ba, guminsu suke bayarwa. Amma ranar sujada mukan kai mu goma sha ɗaya, biyar daga ciki iyalina ne.

In abin ya ishe ni nakan hau babur in je Cape Maclear, a bakin tafkin. Nan ne 'yan mishan daga Sikotland suka kafa tashar Livingstonia a 1875, kuma kaburburan waɗanda zazzaɓi ya kwashe suna nan a gindin duwatsu. Sai a 1881 suka yi wa mutum na farko baftisma, a shekarar kuma suka tattara suka koma Bandawe, daga baya Khondowe a 1894. Likita Robert Laws, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tashar, ya zauna a ƙasar fiye da shekara 50. Nakan tsaya ina tunanin me ya riƙa rubuta wa nasa masu tallafin a shekara ta huɗu, ta biyar.

Mahaifina ya rasu bara. Kuɗin jirgi bai haɗu ba sai bayan mako uku, don haka ta waya na ga an sa shi a ƙasa, hoton yana tsayawa yana tafiya, har wutar ta ɗauke. A wasiƙar wancan watan layi ɗaya na ba shi, tsakanin labarin rufin majami'a da roƙon addu'a don ruwan sama. Da yammar ranar jana'izar, dattijon nan mai tambayar keke ya zo da mutum huɗu, suka zauna a ƙofar gidana har dare, ba wanda ya ce uffan.

Jibi wata zai ƙare. Na riga na zaɓi hotunan.