Darussa daga shirya wa Hausawan Ikko taron tarihi

Masu shirya ziyarar tarihi a Legas sun daɗe da gane cewa takardar gayyata ba ta tara Hausawa. Sanarwa a masallaci bayan Juma'a, da amincewar Sarkin Hausawan unguwa, su ke cika mota, ko a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12. Rana ma abar dubawa ce. Asabar ranar ciniki ce, ɗan kasuwa ba zai rufe rumfa don kallon tsohuwar tukunya ba. Lahadi da safe ta fi, hanya kuma da sauƙi.

Babban darasin shi ne a fara da abin da mutum zai ga kansa a ciki. Bahaushen Ikko yakan ɗauka tarihin garin na Yarabawa ne da Turawa, shi baƙo ne. Sai an gaya masa cewa a 1863 John Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Najeriya ke danganta asalinsa da ita, kuma Obalende ta taso ne da zaman sojojin Hausawa, sannan zai gyara zama. Haka ɗan Agege: a haɗa masa fataucin goro da layin dogon da ya isa Kano a 1911, kafin a kai shi gidan Jaekel da ke Ebute Metta ya ga kayan tsohon jirgin ƙasa.

A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, akwai kuskuren da kusan kowa ke yi. Motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan, da ramukan harsashi a jikinta. In aka fara da ita, an gama ziyara: jama'a za su tsaya suna ɗaukar hoto, dattawa na ba da labarin inda suke ranar, ba mai sauraron bayanin kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok. A bar ta ƙarshe. Kada jagora ɗaya ya ja fiye da mutum 15, domin na baya ba sa ji sai su koma hira, kuma kada a wuce minti biyar gaban abu guda. A tanadi amsar tambayar da ba ta fashi, wato ko waɗannan gumaka ne. Amsa a taƙaice: ana ajiye su ne don shaidar yadda mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce a kudancin Kaduna ta yau suka iya gasa yumɓu da narka ƙarfe.

Badagry kuwa wuni guda take ci. A tashi bayan asuba, a ga tsohon benen 'yan mishan na 1845 da kurkukun bayi na Seriki Abass, wani dillalin bayi, a tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu kafin rana ta take. Rigar kariya daga nutsewa ga kowa, a ƙirga mutane shiga jirgin ruwa da fita, a ba kowa ruwan leda uku aƙalla, don tafiyar cikin yashi ce kuma inuwa kaɗan ce.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ranar da aka ce kowa ya kawo tsohon kayan gidansu. Wani zai wanke tsohon kwabo mai huji da toka ko lemon tsami har rubutun ya shafe. Wani zai liƙe fasasshiyar tukunya da Super Glue, wanda ke shiga cikin yumɓu ya hana gyara na gaskiya. Mafi ciwo takardun ajami: a kai su shago a manne da roba mai zafi, alhali zafin na dafa tawada, robar kuma ba ta ɓaruwa. Leda ma ba ta dace da Legas ba, laima na taruwa a ciki, takarda ta yi funfuna cikin damina ɗaya. A sa farar takarda tsakanin kowane shafi, a ajiye a kwali nesa da bango da ƙasa, a ɗauki hotonsa da hasken taga ba da filasha ba, da rula a gefe.

Abin da aka tsinta a ƙasa wajen haƙa tushen gini kuma, darajarsa na tare da wurinsa. A ɗauki hoto kafin a taɓa, a rubuta zurfi da abin da ke kewaye, a sanar da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Doka ta hana tono ko sayar da irin wannan ba da izininta ba, kuma dillalai na halartar irin waɗannan taruka, don haka kada a rubuta adireshin mai kaya a katin bayanin da ake ajiyewa gaban kayan a kan tebur.