Lissafin 0 da 1 ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba

Duk wanda ya zauna ajin kwamfuta ko na wata ɗaya ne ya ji malami yana cewa ai ita kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, to daga nan mutane suka ɗauka abin kamar tare aka ƙirƙiro su, alhali wallahi ba haka ba ne. Dabarar kawai ita ce ka samu abu mai hali biyu, ko akwai ko babu, ko a buɗe ko a kife, sai ka jera su da yawa, kowane jeri ka ba shi ma'anarsa. Babu ruwanta da lantarki.

Ku duba masu bugun ƙasa. Tun kafin wani ya taso min, ba tallan duba nake ba, malamai sun yi bayanin hukuncinsa kuma ni ina tare da su, lissafin da ke ciki kawai nake magana. Mutum zai baza yashi ya yi ta diga ɗigo a layi ba tare da ya ƙirga ba, sannan ya bi yana share su bibbiyu, a ƙarshe ko ɗaya ya rage ko biyu. Layi huɗu ne ke ba da gida ɗaya, shi ya sa gidajen suke 16 cif, don 2 sau 2 sau 2 sau 2 kenan, ba za su taɓa zama 17 ba. Wanda duk layukansa ɗai-ɗai ne Larabawa suna ce masa ɗariƙ, wanda duk bibbiyu ne kuma jama'a. Inda abin ya fi ɗaure min kai shi ne yadda suke haɗa gida biyu su fitar da na uku: ɗaya da ɗaya ya ba da biyu, biyu da biyu ya ba da biyu, ɗaya da biyu kuma ya ba da ɗaya, wato in sun yi kama a samu biyu, in sun saɓa a samu ɗaya, kuma wannan ƙa'idar ce sak injiniyoyi suke ginawa a cikin na'ura yau, mutumin da ke zaune a zaure da tiren yashinsa bai ma san da zancen ba.

Yarabawa sun ninka abin. Sarkar opele ta masu Ifa, wato masu dubansu na gargajiya, ɓawo takwas gare ta, kowanne in an jefa ko ya faɗi a buɗe ko a kife, sai ya ba da gidaje 256 da suke kira odu. Takwas ɗin nan kuma daidai da bayit ɗaya ne na wayarka, wato jerin 0 da 1 guda takwas. Can Sin ma suna da nasu mai layi shida, ko a tsinke ko a haɗe, guda 64, kuma shi Leibniz, masanin lissafi na Jamus da ya wallafa bayanin lissafin 0 da 1 a 1703 sai da ya kawo zancen waɗannan zanen na Sinawa a ciki.

Amma wanda ya fi amfanar jama'a a ganina shi ne rubutun makafi. Louis Braille yaro ne ɗan shekara 15 a Faransa lokacin da ya tsara shi a 1824. Gurbi shida ne, uku a hagu uku a dama, kowane gurbi ko ya tudu ko ya zauna a shafe, in ka cire wanda babu tudu ko ɗaya saura 63, kuma da su ake rubuta haruffa da lambobi har da Larabci, akwai Alƙur'ani sukutum da aka buga da shi. In ka sayi maganin da aka shigo da shi daga Turai shafa kwalin ka ji, sau da yawa za ka ji ƙuraje-ƙurajen nan, sunan maganin ne. Shida ɗin ma da dalili, girman da kan yatsa zai iya rufewa ne a taɓawa ɗaya ba sai an yi ta lalube sama da ƙasa ba.

Sai na kasuwa. Mai sikeli in yana da duwatsun awo biyar kacal, kilo 1 da 2 da 4 da 8 da 16, babu cikakken kilon da ba zai auna ba daga kilo 1 har 31, kowane dutse ko yana kan sikeli ko yana ƙasa. Kilo 13? Ɗora 8 da 4 da 1. Haka Misirawan da can suke yin sau, ninkawa kawai: a ce mudu 13 ne kowanne naira 250, ka ce 250, 500, 1000, 2000, wato kuɗin mudu 1 da 2 da 4 da 8, sai ka ɗauki na 8 da na 4 da na 1 ka haɗa, 3250 kenan, ba biro ba kalkuleta. Ku gwada da yatsunku ma, babban yatsa 1, na kusa da shi 2, sai 4, 8, 16, hannu ɗaya zai kai ka 31, hannu biyu kuma 1023, sai dai yatsan zobe yana da taurin kai, ba ya son miƙewa shi kaɗai.