Kada ka karɓi kafin alƙalami a kan injin da bai taɓa shiga gona ba

Ƙannena masu karatun injiniya da masu koyon walda, ga ramin da na faɗa, ko Allah zai sa wani ya tsallake shi.

Tun da aka ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Bankin Najeriya a nan Birnin Kebbi, a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya tashi haiƙan. Daga Argungu har Suru, duk fadamar da ka leƙa ta yi kore shar. Ni kuwa ina da ɗan gareji da yara uku, sai na ƙera injin bugun shinkafa. Wata uku ina kansa. Ranar gwaji na sayo shinkafar da ta bushe ƙayau, muka tayar da inji a tsakar gareji, ya buge ta tas. Wani ya ɗauki bidiyo ya watsa a WhatsApp. Ba a yi mako biyu ba wata ƙungiyar manoma ta nemi guda 10, suka miƙo kafin alƙalami, na karɓa.

Da kaka ta zo aka kai injinan fadama. Shinkafar da aka yanka da safe tana ɗauke da raɓa, kuma danshin ƙwayarta lokacin girbi yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, alhali wadda na gwada ta bushe kamar ta ajiya, wajen kashi 14. Ɗanyen kara ya naɗe gangar injin, bel ya riƙa sulɓewa yana zafi. Ƙura ta shiga boris, domin buɗaɗɗe na sa. Ƙasa ba daidai take ba, inji na girgiza, walda ta fara tsagewa. A gareji awa ɗaya ya yi. A gona daga safe har magariba ake so ya yi.

Abin da ya fi ci mini rai ma yana gaba. Da sandar ƙarfen da ke juya ganga ta karye a wani inji, na ce a cire ta wani a sa. Ta ƙi shiga. Na auna, na tarar a cikin goman nan babu biyu da suka zo ɗaya. Awon duk a kaina yake, ban zana komai a takarda ba, yara da ido suke yanka. Ƙarfen da muka fara da shi ya ƙare a kasuwa, muka cike da wanda bai kai shi kauri ba. Ashe na farkon ya yi kyau ne saboda na zauna masa wata uku ina goga ina gyarawa. Wannan aikin hannuna ne, garejina bai iya shi ba tukuna.

Wani tsohon malamina na kwalejin kimiyya da fasaha ne ya zaunar da ni. Ya ce hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fito da wani ma'auni tun a shekarun 1970 don sanin ko fasaha ta nuna ko da saura, daga baya aka tsayar da shi a kan mataki 9. Na ɗaya tunani ne kawai. Na huɗu, abin ya yi aiki a ɗakin gwaji. Na bakwai, samfuri ya yi aiki a ainihin inda za a yi amfani da shi. Na tara, ya daɗe yana aiki a hannun masu shi. Tarayyar Turai ma ta ɗauke shi a 2014 wajen tantance ayyukan bincike da take ba kuɗi.

Na ce, "Malam, nawa fa?"

Ya ce, "Kana na huɗu, ka sayar kamar kana na tara."

Ya kuma nuna mini ma'auni na biyu mai mataki 10, wanda ma'aikatar tsaron Amurka ke amfani da shi. Shi wannan masana'anta yake aunawa: kayan aiki za su samu kullum iri ɗaya? Ma'aikata sun ƙware? Akwai abin da ke tabbatar da na hamsin zai fito kamar na farko? A ganina wannan ne ya fi damun mu a nan, domin masu basirar ƙera abu ɗaya ba su yi mana kaɗan ba.

To ƙanena, kafin ka ce wa kowa injinka ya gamu, kai shi gonar da ta fi wahala, ka ba manomin da bai san ka ba, ka koma gefe ka yi shiru. Bari ya yi kaka guda cur. Duk abin da ya lalace ka rubuta, da awa nawa ya yi kafin ya lalace. Ka zana kowane ɓangare da awonsa da kaurin ƙarfensa. Ka yi ma'aunin ƙarfe da za a riƙa ɗora aiki a kai ana yanka ana huda, don kada ido ya zama alƙali. Sannan ka ba yaranka zanen, ka bar garejin kwana uku, su ƙera biyu ba ka nan. In kayan wannan sun shiga wancan, ka fara maganar kwangila. Sassan da ke saurin ci kuwa, irin su boris da bel, zaɓi waɗanda manomi zai samu a kasuwar Jega ko Kamba ba sai an aika Kano ba.

Cikin goman nan, shida na gyara, huɗu na mayar da kuɗinsu bayan na sayar da babur ɗina. Akwai wani dattijo da shinkafarsa ta kwana tara a yanke tana jiran injina, har ta fara zuba, 'ya'yansa suka koma bugun hannu a kan duro. Da na je ba shi haƙuri bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da ka gaya mini gwaji kake yi, ai da na ba ka gefen gona ka gwada." Shekara biyu bayan haka, a gefen gonar tasa na gwada sabon injin, kaka biyu a jere, kafin na sayar da ko ɗaya.