Hannun mai lafiya ba ma'auni ba ne

Mu huɗu muke aikin haɗa wa masu naƙasa kayan taimako: ni tela, da kafinta, da mai gyaran famfo wanda ya ƙware a lanƙwasa bututun roba da zafi, sai ma'aikaciyar asibiti mai koya wa majinyata motsa gaɓɓai. Ba wasu abubuwan a-zo-a-gani muke haɗawa ba: mu kaurara mariƙin cokali da soso, mu lanƙwasa waya ta zama ƙugiyar saka maɓalli. Ita ce ta tara mu, bayan ta ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022, wanda ya ce mutum sama da biliyan 2.5 ke buƙatar kayan taimako, kusan biliyan ɗaya kuma ba sa samu.

Wanda har yau yake ci min rai maɗaurin wani matashi ne da ya samu rauni a laka. Yana ɗaga hannu, amma yatsun ba sa damƙa. Muka yanka bututu ya zagaye tafin hannu, na ɗinka masa Velcro (ƙyallen nan mai mannewa a ɓanɓare) da ɗan aljihun da biro ko burushi zai shiga. Kowa ya zura hannunsa, kowa ya ce daidai. Ranar da ya rubuta sunansa da kansa har tafi muka yi.

Da ma'aikaciyar ta kwance maɗaurin daga baya, sai ga fata ta saluɓe a gefen hannu. Bakin robar ne, ba a goge shi ya yi laushi ba. Ta ɗago ta ce, “Malam, a hannun wa kuka gwada wannan?” A namu mana. Mu da ya ɗan cije mu sai mu gyara zamansa ba tare da mun ma lura ba. Shi ko fatar wurin ba ta jin komai. Dole aka ajiye maɗaurin har ciwon ya warke, yaron da ya fara ɗanɗana cin gashin kansa ya koma jira a yi masa.

Mai gyaran famfo ya so ya ce ai tsautsayi ne. Ban yarda ba. Gaggawar a ga mun gama ce.

Yanzu ba abin da ke fita sai an goge kowane baki, an shimfiɗa soso a ciki. Mai kayan ya sa na ɗan lokaci, a cire, a duba fatar: in alamar matsi ba ta baje ba cikin kusan minti 30, kayan sun dawo hannunmu. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka taɓawa muke yi mu ji ko wurin ya yi zafi ko tauri. Mai jinyarsa ma sai ta nuna mana ta iya wannan dubawar kafin mu miƙa.

Matashin yanzu yana zama da mu, shi ke fara duba duk abin da muka haɗa, kuma ba ya jin kunyar mayar mana. Mariƙin wayar da kafinta ya fi alfahari da shi ma cewa ya yi nauyi gare shi, a sake.